Abin da Malam Sammani Ya Sha a Bankok

Duk wanda ya taɓa bin layinmu na Ƙofar Kwaya da rana tsaka ya san gidan Malam Sammani, ko da bai san sunan mai gidan ba. Randuna biyu ne a ƙofar gidan, an binne gindinsu cikin jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin icen bedi, ga moɗa ɗaure da igiya. Shekara talatin da 'yan kai ba a taɓa iske su babu ruwa ba. Ran Juma'a kuma yakan ɗora faranti bisa murfin randar, dabino ko ayaba, mai wucewa ya ɗauka ya yi gaba, ba sai ya yi sallama ba. Da hannunsa yake wanke randunan nan duk ran Alhamis, ba ya bari kowa ya taya shi.

Yayana ne, ciki ɗaya. Ni ne Sagir, autansu, wanda ya yi wa wata ma'aikata tuƙi a GRA har ya aje aiki. Shi kuwa Arabiyya ya koyar a firamare har furfura ta cika mashi gemu. Mutum ne da ba ya ƙarya, ba ya cin naman da bai san mahaucinsa ba, dariya ma sai ya auna ta kafin ya yi. Ni kuma Allah Ya yi ni da baki da saurin hawa. Mun sha yin kaca-kaca da shi, amma ban taɓa jin kunyarsa ba irin wadda nake ji yanzu, kuma ni na jawo ma kaina.

Sai na fara da Yaya Hindu, in ba haka ba ba za ku gane ba. Ita ce babbarmu. Inna ta rasu ina da shekara huɗu, Malam na da tara, ita kuma sha biyar. Ita ta yi mana daka, ta yi mana tuwo, ta cire mana ƙaya a ƙafa. In abinci ya yi kaɗan sai ta ce ita ta ci a madafa, mu kuwa da wautar yarinta mu yarda. Daga baya aka yi mata aure a Batagarawa, gidan Hamman, mutumin kirki mai shanu da 'yar gonarsa.

Shekara sha tara ke nan, ɗanta Alamin ya kwanta ciwo yana ɗan shekara shida. An kai shi asibiti sau biyu, an yi rubutu, an yi tofi, yaro sai ƙara narkewa yake. Wata tsohuwa ta ce mata ta kai ƙwaryar nono gindin tsamiyar bayan gidansu, ta aje ma mutanen ɓoye, ko za su sakar mata ɗa. Ta kai. Rashin sa'a, a safiyar nan Malam ya je dubiya, ya iske ta durƙushe gindin tsamiya da ƙwarya a gabanta. Kwana huɗu bayan nan yaron ya cika.

Ranar sadakar uku aka fito mana da tuwo. Gaban mutane, zaure cike, Malam ya sa bayan hannu ya ture kwanon ya ce, “Hannun da ya ba iska abinci ba ya ba ni.” Yaya na tsaye bakin ƙofa, ta ji. Ni kuma ina zaune kusa da shi. Duk bakin nan nawa da ake tsoro, ban ce uffan ba, na dukar da kai na cinye nawa tuwon.

Kowa ya san Yaya ta tuba. Ta yi kuka, ta yi azumi, daga baya har Makka ta je. Malam kuma bai yanke zumunci ba, kar in ɗora mashi abin da bai yi ba. Duk Sallah sai ya je, a gaisa tun daga gajiya har shanu da damina, ya yi ma 'ya'yanta addu'a. Amma ko ruwan gidanta ba ya sha. Ta aje kwano rufe a gabansa, in ya tashi ta ɗauke shi a rufe. Haka ta yi shekara sha shida. Shekaru ukun nan na baya ta daina ajewa, sai ta kawo nawa ni kaɗai. Wallahi ranar da na fara ganin kwano ɗaya ya fito, na fi jin zafi bisa ranar da ya ture tuwon.

To bara sai ga ɗiyarsa Lailatu ta ida karatunta a Malesiya, ta turo a zo bikin yaye su. Uwarta ta ce ita ko da kuɗi aka haɗa ta ba ta hawa jirgi. Aka ce in raka Malam, tunda ni na tsinci Turanci a bakin manyan da na tuƙa. Tikitin da aka samu mai sauƙi ne, shi ya sa ya yi ta yawo da mu: Kano, Adis Ababa, sannan Bankok ta ƙasar Tailan, inda za mu sauka da hantsi mu jira wani jirgin har bayan isha'i. Lailatu ta riga ta nema mana takardar izinin fita gari, ta ce a waya, “Baba Ƙarami, don Allah ka fita da shi ya ga duniya, kar ya wuni bisa kujera yana jan carbi.”

A ɗakin sallar filin jirgin muka gamu da wani direban tasi, Musulmin ƙasar, Sulaiman, wanda nan take na maida shi Sule. Ya yi karatun Larabci a garinsu, don haka da Malam ya yi mashi magana ya amsa, sai ga yayana yana washe baki. Muka shirya zai zaga da mu gari, ya kai mu masallaci mu yi azahar, ya maido mu kafin magariba.

Kai, na ga gari! Gadoji bisa gadoji, jirgin ƙasa na gudu sama da kawunan mutane, babura kamar an zubo su daga buhu. Motar Sule ruwan hoda ce, na ce da a Katsina ne sai yara sun bi mu da kallo har gida. Ya kai mu bakin wani kogi mai faɗi, ruwansa ja-ja, kwale-kwale masu dogon inji na tsaga shi. Ya nuna mana wuraren ibadarsu masu rufin zinare, suna walƙiya har ido ba ya iya tsayawa. Ni na leƙa ɗaya, na ga wani gunki kwance wanda tsawonsa ya fi layinmu na sallar Idi a gida. Malam ko ƙofar bai kusanta ba. Ya tsaya tsallaken titi cikin farar babbar rigarsa, ya juya baya yana istigfari.

Abinci kuwa ko ina, ana suya ana dafuwa bakin titi. Malam ya ce ba ya taɓa komai, wa ya sani ko da man alade aka soya. Na sayo mashi ruwan gora, ya juya ta ya ga rubutun da bai iya karantawa ba, ya ce in riƙe kayana. 'Yar gorar da ya fito da ita daga jirgi tuni ta ƙare. Ga zafin garin ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake, zufa na bin ƙafa har cikin takalmi.

Tun da safe na lura da wasu 'yan ƙananan gidaje bisa ginshiƙi, kamar akurkin tantabara amma da ado, kusan a ƙofar kowane gida da kanti. An jera masu furanni, da ayaba, da kofin ruwa, da kwalbar jan lemo a buɗe. Malam na gyangyaɗi a bayan mota na tambayi Sule da Turanci. Ya ce na iskokin wurin ne, waɗanda ba Musulmi ba ke aje masu abinci kowace safiya don su zauna lafiya da mutanen gida. Na ce, “Ikon Allah,” na tuna tsamiyar Batagarawa. Ku riƙe wannan, don shi ne laifina: na sani sarai.

Wajen ƙarfe ɗaya Sule ya ce zai kai mu wata unguwa da Musulmi ke da yawa, akwai masallaci da abincin halal. Lungu ne, mota ba ta shiga. Ya sauke mu a bakin lungun ya ce mu jira shi ya samo wurin aje mota. Fitowarmu daga sanyin mota ke da wuya tabarau ɗin Malam ya yi hazo fari fat. Ya cire shi ya sa aljihu. In babu tabarau kuwa, yayana ba ya bambance akuya da tunkiya sai ta yi kuka.

Gidan farko a lungun yana da irin ɗan ginin nan a ƙofarsa. Malam ya matsa, ya ga kofin ruwa, ya ga ayaba, ya shaƙi ƙamshin turaren tsinke. Fuskarsa ta yi haske.

“Sagir, ka gani? Musulmi ko ina Musulmi ne. Ga randarsu nan. Har da turare don baƙo.”

Magana ɗaya ta ishe ni. “Yaya, tsaya.” Shi ke nan. Ta zo har bakina, na haɗiye ta. Maimakon haka na sa hannu aljihu na fiddo waya na fara ɗauka. A raina cewa nake, yau dai Allah Ya kama mai ture kwano.

Ya yi bisimilla ya shanye ruwan. Ya ɗauki kwalbar jan lemon ya zuƙe ta tas, har yana cewa da zaƙi. Ya ɓare ayaba biyu ya ci, ya nemi inda zai jefa ɓawon bai gani ba ya riƙe a hannu. Sannan ya ɗaga hannuwa sama, da ɓawon ayabar da komai, ya shiga yi ma mai gidan addu'a: Allah Ya shayar da shi daga Alkausara, Allah Ya sa wannan sadaka a mizani. Ni kuma ina cije leɓe kar dariya ta kuɓuce ta girgiza hoton.

Ana haka wata 'yar tsohuwa ta fito daga gidan da tsintsiya. Ta ga kwalba babu komai, ta ga Malam, ta dafe baki. Sai ga Sule a guje yana ɗaga hannu, yana kiran “Ya shaikh! Ya shaikh!” Ya tsaya yana haki ya yi mashi bayani da Larabci. Ban ji Larabci ba, amma na ga lokacin da maganar ta shiga. Malam ya lalubo tabarau, ya goge da bakin riga, ya sa, ya duƙa ya leƙa cikin ɗan ginin. Wasu 'yan gumaka ne zaune ciki, tsoho da tsohuwa, ga 'yan giwayen yumɓu jere a gabansu.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya saki ɓawon ayabar. Ya tafi bakin kwata ya durƙusa, dattijo mai shekara sittin da uku, ya tura yatsa maƙogwaro yana kakari. Ba abin da ya fito sai jan miyau, ya ɓata mashi gaban riga. Masu wucewa suka fara tsayawa.

Tsohuwar nan ba ta yi faɗa ba. Ta shiga gida da sauri ta fito da kujerar roba, da jiƙaƙƙen tawul, da gorar ruwa. Ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji ta duƙa mashi, tana magana a hankali. Sule ya fassara ma Malam, sannan ya faɗa mani da Turanci: wai a yi haƙuri, da ta ga baƙo da ƙishi da ita ta fara ba shi. Wai ya duba murfin gorar, a rufe take daga kanti, ba a taɓa aje ma kowa ita ba. Malam ya duba murfin gorar. Daga baya ya sa hannu biyu ya amsa.

Sai tsohuwar ta juyo ta kalle ni. Ta kalli wayar da ke hannuna, har lokacin tana ɗauka, ta sake kallon fuskata. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lungun nan da na shige. Matar da ba ta san sunana ba, ba ta jin harshena, ta gane abin da na yi.

A masallaci Malam ya yi azahar ya zauna har la'asar bai motsa ba. Abincin halal ɗin da muka zo dominsa ko kallonsa bai yi ba. Sule ya maida mu filin jirgi kamar masu dawowa daga maƙabarta. Muna zaune muna jiran a kira jirgi, rana ta yi ja a bayan gilashi, sai ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

“Na duba abin. Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba.”

Da na yi shiru da ya wuce. Amma kallon tsohuwar nan bai bar ni ba. Na ce, “Yaya Malam, kai ba ka sani ba. Ni na sani. Tun da safe Sule ya gaya mani.”

Ya juyo a hankali. “Ka sani ka bar ni? Don mi?”

“Don Yaya Hindu.”

“Ita ai da saninta ta yi.”

Nan halin nawa ya motsa. Na ce, “Haba Malam! Wanda ɗansa ke mutuwa a hannunsa, mi ya sani? Kai ƙishin rabin wuni ya hana ka tsayawa ka goge tabarau. Ita wata biyu ta yi ba barci. Matar da ta hana cikinta ta ba mu, shekara sha shida kana maida mata kwano a rufe!” Muryata ta hau har wasu Turawa suka waigo. Da na ida sai na ji ba daɗi ko kaɗan, don gaskiyar da na faɗa ba ta wanke ni ba. Shekara sha takwas ina da bakin faɗin wannan a zaurensa, ban faɗa ba sai da na bari ya durƙusa bakin kwata a ƙasar mutane.

Ya ce, “Ka tura ma wani?” Na ce a'a. Ya miƙo hannu na ba shi wayar. Ya kalla tun daga bisimilla har addu'ar, har kakarin, har gorar tsohuwa. Ya maido mani ya ce, “Kar ka goge.”

Kwana shida muka yi a Malesiya. Lailatu ta amshi takardarta, aka yi hotuna, Malam ya yi murmushi inda ya kamata. Ni dai tsakanina da shi sai “tashi mu tafi” da “an kira salla”. Na ɗauka hoton nan ya hana ni goge shi ne don ya kai ƙarata gaban dangi, kuma na san in ya kai ba ni da bakin karewa.

Kwana uku da dawowarmu ya aiko in zo da mota. Ya ce Batagarawa za mu.

Muka iske Yaya a tsakar gida tana tsince wake. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa: ya hanya, ya gajiya, ya aka baro Lailatu, ya ƙafar Hamman, ya shanu. Ta tashi ta dama fura ta kawo ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya ta aje gabana, yadda ta saba yanzu.

Malam ya ce, “Sagir, nuna mata.”

Na kunna hoton na miƙa mata. Ta riƙe wayar nesa da ido tana kallo, ba ta gane komai ba, har ta ce, “A'a, su ma suna aje ruwa ƙofar gida?” Shi da bakinsa ya yi mata bayani. Ya ce abincin iskoki ne, ya ci, ya sha, har ya yi addu'a a kai. Bai rage komai ba sai abu guda: bai ce na sani ba. Ina zaune ina jiran ya faɗa, ya tsallake wurin ya wuce. Da ya zage ni gabanta da ya fi mani sauƙi.

Yaya ta aje wayar bisa tabarma. Na zaci za ta yi dariya, ko ta yi kuka, ko ta tuna mashi ranar sadakar uku. Ta dube shi ta ce, “To ya kashe maka ƙishin dai?”

Ya ce, “Ya kashe.”

“To madalla. Ƙishi ba shi da kyau ga mai shekaru.”

Kaji na ta tsattsagar waken da ya zube. Can Malam ya gyara murya, ta fito ƙarama kamar ba tasa ba. “Yaya, ni ba a dama da ni ba?”

Yaya ta dafa gwiwa ta tashi ta shiga ɗaki. Muka ji tana jan kaya daga ƙarƙashin gado. Ta fito da wani abu ƙunshe cikin tsohon zane, ta kwance. Kwanon silba ne sabo fil, takardar kanti na manne a gindinsa, ta yi ja don daɗewa.

“Tun shekarar da Alamin ya rasu na saye shi,” in ji ta. “Na ce ko kwanonina ne kake ƙyama. Ba a taɓa zuba komai ciki ba. Kasa fiddo shi na yi, Sammani, don in ka ture wanga ma, ba ni da sauran dabara.”

Malam ya kalli kwanon. Ya ce, “Aje shi, Yaya.” Ya jawo ƙwaryar da ke gabana, tsohuwar ƙwaryarta mai ɗinki a baki, ya zare ludayin daga hannuna. Ya yi bisimilla ya kai baki. Ya sha, ya ƙara, hawaye na sauka cikin furar bai tsaya sharewa ba.

Yaya ta ce, “Sannu, a hankali, kar ka ƙware.” Haka take ce mana muna yara.

Da za mu tafi ta tura mashi kwanon silbar a mota, ta ce ita ba ta da abin yi da shi. Shi ne yanzu yake ɗorawa bisa randa ran Juma'a da dabino a ciki, bai ko ɓanɓare takardar ba. Mutane na ɗauka su wuce. Ni ban taɓa iya sa hannu ciki ba. Har yau Yaya na yi mani godiya wai na kula da ɗan'uwana a tafiya, ni kuma in ce ba komai, in dukar da kai.